Yadda Iyali Za Su Tallafa wa Ƙungiyoyin da Matasa Ke Jagoranta

A yawancin gidajen masu hannu da shuni a ƙasar Hausa, hanyoyin yin alheri sanannu ne: a fitar da zakka idan shekara ta zagayo, a raba hatsi da sukari a watan azumi, a gina masallaci ko a haƙa rijiyar burtsatse, a biya wa marasa lafiya kuɗin asibiti, a aurar da marayu. Babu mai raina waɗannan ayyuka, babu kuma mai cewa a daina su. Sai dai akwai wata hanya da ba a cika bi ba, wato iyali su ware wani kaso na dukiyarsu domin ƙarfafa ƙungiyoyin da matasa suka kafa da kansu, suke kuma tafiyar da su da kansu, don gyara wani abu da ya lalace a unguwarsu ko garinsu. Wannan ya sha bamban da tara samari da 'yan mata a ɗakin taro a raba musu kekunan ɗinki da injinan niƙa a ɗauki hoto. A irin wancan taro, babba ne ya yanke abin da yaro ke buƙata. A nan kuwa matasan ne suka gano matsalar, su ne suka tsara maganinta, abin da suka rasa shi ne kuɗi da kuma babban da zai tsaya musu.

Wanda yake shakkar cewa matasa za su iya irin wannan aiki, ya dubi abin da ya faru a Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma da ke fitowa daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan yankin, har aka rasa fiye da yara 400. An tsaftace wasu ƙauyukan, amma aka bar Bagega tana jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, su kuma likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka ce ba amfanin fara ba yara magani matuƙar za su koma wasa a kan ƙasar da ke ɗauke da gubar. Matasa ne, cikinsu har da Hamzat Lawal wanda a lokacin bai kai shekara 30 ba, suka ɗauki maganar a 2012, suka je ƙauyen, suka tattaro bayanai, suka matsa lamba a kafafen sada zumunta tare da wasu ƙungiyoyi, har aka saki kuɗin a farkon 2013. Daga nan shirin Follow The Money, mai bin diddigin kuɗin da gwamnati ta ware wa ayyukan jama'a, ya samo asali. Abin da irin wannan aiki ke ci a farkonsa bai wuce kuɗin mota da masauki da katin waya ba, kuɗin da gidaje da yawa ke kashe ninkinsa a walimar biki guda.

A fara da zaman gida, a kuma bambanta kuɗin

Kafin a nemi ko da ƙungiya ɗaya, iyalin su zauna su amsa tambaya guda: daga ina kuɗin zai fito, kuma wane irin kuɗi ne? Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin suna haɗa zakka da sadaka da waƙafi a asusu ɗaya, alhali kowanne da hukuncinsa.

Zakka tana da masu ita, aji takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne ba a gina gada ko masallaci da ita, ballantana a biya hayar ofishin ƙungiya. Idan ƙungiyar matasa tana kula da marayu ko 'yan gudun hijira, ana iya wakilta ta ta kai zakkar ga waɗanda suka cancanta, amma kuɗin da za a tafiyar da ƙungiyar kanta dole ya fito daga wata hanya. Don haka a buɗe wa zakka littafinta daban, kuma a nemi malamin da ya san fiƙihun dukiya ya duba tsarin tun kafin a fara.

Sadakar ganin dama ita ce mafi sauƙi: kowane ɗan gida mai samu ya ɗauki alkawarin abin da zai riƙa bayarwa a shekara, ko kuma a amince cewa wani kaso na ribar kamfanin iyali zai riƙa shiga asusun. Rauninta shi ne tana bin yanayin kasuwa da kuma yanayin zumunci. Ranar da aka samu saɓani tsakanin 'yan uba, asusun ne farkon abin da zai bushe.

Waƙafi, wanda a Kano aka fi kira hubusi, shi ne ya fi dacewa da aikin da ake so ya daɗe. Asalinsa sananne ne tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibar: a tsare asalin dukiyar, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta, a riƙa ciyar da amfaninta. Iyali za su iya ware gidan haya, ko jerin shaguna, ko gona, a ce abin da suka samar na asusun matasa ne. Amma akwai sharaɗi ɗaya a Malikiyya da ya kamata kowane uba ya sani: dole dukiyar ta fita daga hannun mai ita ta koma hannun masu kula da waƙafin tun yana da rai da lafiya. Idan ya faɗa da baki kawai, ya ci gaba da karɓar hayar yana sawa aljihu har ya rasu, magada suna da hujjar mayar da ita cikin gado. Idan kuwa ta hanyar wasiyya ake so a yi, ba za ta wuce sulusin dukiya ba sai da yardar magada. Saboda haka a rubuta, a sa shaidu, a miƙa takardun, kuma a sanar da dukkan 'ya'ya, maza da mata, na kowane ɗaki. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi da za a iya tuntuɓa kan yadda ake rubuta irin wannan takarda. Iyalan Kirista su ma suna da irin wannan rabe-raben da za su yi, tsakanin abin da suke kaiwa ikilisiya da abin da suka ware wa aikin al'umma.

Shawarata ita ce kada a bar jarin asusun a matsayin tsabar naira a banki. Duk wanda ya ajiye kuɗi kafin a cire tallafin man fetur a kuma saki darajar naira a 2023 ya ga yadda suka zube, domin hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Kadara mai kawo haya, ko takardun sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci marasa kuɗin ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, sun fi tsare darajar abin da aka ware.

Rajista

Ba dole ba ne a fara da gidauniya mai rajista. Iyalin da ke da niyyar bayar da, a misali, naira miliyan uku ko biyar a shekara za su iya gwada aikin shekara ɗaya ko biyu da kwamitin gida da littafin lissafi. Idan abin ya kankama, ko kuma akwai kadarar da za a mallaka wa asusun, sai a je Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a yi rajistar kwamitin amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da kundin tsarin mulkin gidauniyar, da sanarwa a jaridu biyu wadda za a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan haka a nemi takardar SCUML, sashen sa ido kan halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin bankuna na tambayarta kafin su buɗe asusu, sannan a riƙa miƙa rahoton shekara-shekara. Dokar ta hana raba kuɗin gidauniya ga mambobinta a matsayin riba. Abin lura kuma shi ne, ta fuskar shekaru, ƙaramin yaro kawai ta hana zama amintacce, ba matashi ba, don haka ba ruwan doka idan aka ga kwamitin amintattu babu ɗan ƙasa da shekara 50 a ciki. Zaɓin iyalin ne.

Inda ake samun ƙungiyoyin

Idan aka buga sanarwa a intanet da Turanci aka ce a turo takardar neman tallafi mai shafi goma, waɗanda za su amsa su ne ƙwararrun rubuta takardu, ba lallai ƙwararrun aiki ba. Ƙungiyoyin da suka fi buƙatar irin wannan tallafi sau da yawa ba su da ofis, ba su da rajista, ba su taɓa jin kalmar gidauniya ta shafe su ba. Su ne samarin da ke yashe magudanan ruwa kafin damina, ɗaliban manyan makarantu da ke koyar da yaran unguwa kyauta a lokacin hutu, 'yan matan da ke bin gida-gida suna shawo kan iyaye su mayar da 'ya'yansu makaranta, masu tara jini don asibiti, da waɗanda suka tuba daga daba ko shaye-shaye suke janyo abokansu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aikin gayya da sarautar sarkin samari sun girmi kowace ƙungiya mai rajista, kuma a Nijar tsarin samariya, wanda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da shi, da kuma fadodin samari na yau, duk suna nuna cewa matasa sun daɗe suna shirya kansu.

Hanyar samunsu ita ce tambaya da ƙafa. A tambayi shugaban makarantar firamare, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da limami, da mai unguwa: su wa kuke gani suna aiki ba tare da an biya su ba? Idan suna ɗaya ya fito daga baki uku da ba su haɗa hanya ba, a je a gani. A karɓi bayani da Hausa, a rubuce ko ta saƙon murya. Kuma a yi ƙoƙari na musamman wajen neman ƙungiyoyin mata, domin ba a majalisar bakin titi ake samunsu ba, sai an bi ta makarantun Islamiyya da ɗakunan koyon sana'a, kuma sai matan gidan sun shiga neman da kansu.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane ko da gaske matasa ke jagorantar ƙungiya. A duba wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, wa ke magana idan baƙo ya zo, kuma wa zai iya cewa a'a. Idan duk tambayar da aka yi sai samarin sun waiwayi wani dattijo ko wani tsohon kansila kafin su amsa, to ƙungiyarsa ce, su 'yan rakiya ne. Game da shekaru, manufar matasa ta Najeriya ta 2019 ta ɗauki 15 zuwa 29, yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka kuma ta kai har 35. Iyali su zaɓi ɗaya su rubuta, in ba haka ba za su wayi gari suna tallafa wa "shugaban matasa" mai jikoki.

Wa ke yanke shawara

Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin ya taɓa tarbiyyarmu. Mun taso a kan cewa yaro ba ya musu da babba, balle babban da ya ba shi kuɗi. Idan Alhaji ya zauna a kan kujera, samari suka durƙusa suka gaishe shi, ya ce, "Ni a ganina ku bar maganar shara ku koma koyar da sana'a," amsar da zai ji ita ce, "To, ranka ya daɗe, yadda ka ce haka za a yi." Daga ranar aikin ya tashi daga nasu ya koma nasa, kuma ba zai sani ba sai bayan shekara, idan ya ga babu wanda ya ƙara fitowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganin wannan tsari ne, ba kyakkyawar niyya kaɗai ba. Dattawan gida su tsayar da manyan iyakoki: nawa za a kashe a shekara, wane yanki, waɗanne abubuwa ne asusun ba zai taɓa shiga ba. Zaɓen ƙungiyoyin kuwa a bar wa ƙaramin kwamiti wanda rinjayensa matasa ne, rabi daga 'ya'ya da jikokin gidan, rabi daga waje, kamar waɗanda suka taɓa jagorantar irin waɗannan ƙungiyoyi. Na wajen suna da muhimmanci ƙwarai, domin ɗan attajirin da ya yi karatu a Ingila ko Dubai matashi ne, amma bai san abin da ake nufi da rasa kuɗin adaidaita sahu zuwa taro ba. A ba na wajen ƙuri'a daidai da ta 'yan gida, a kuma biya su ladan zamansu. Idan dattawa suna so su riƙe ikon hana wani tallafi, a rubuta dalilan da za su iya yin hakan tun farko, kada ya zama duk abin da bai yi wa Baba daɗi ba an soke shi.

Akwai riba ta gefe a nan wadda iyaye ba su cika hangowa ba. Ɗan da ya koyi karanta kasafin ƙungiya, ya je ƙauye ya duba aiki, ya yi jayayya da ƙanwarsa kan wa ya fi cancanta, ya fi kusa da iya riƙe kasuwancin gidan gobe fiye da wanda aka ajiye a ofis yana jiran gado.

Irin kuɗin da ya kamata a bayar

Manyan gidauniyoyin iyalai a Najeriya sun bi hanyoyi daban-daban. Gidauniyar Dangote ta fi yin manyan ayyuka na lafiya da abinci mai gina jiki, har ta shiga yaƙi da cutar shan inna. Gidauniyar Tony Elumelu ta ware dala miliyan 100 a 2015 don ba masu fara sana'a jarin dala 5,000 kowanne. Gidauniyar TY Danjuma kuwa tana ba ƙungiyoyi tallafi ne su yi aikin. Ƙaramin iyali ba zai yi gogayya da ɗayansu a yawan kuɗi ba, amma zai iya yin abin da manya ke wahalar yi, wato ba ƙaramar ƙungiya kuɗi kaɗan, da wuri, ba tare da tarin takardu ba, kuma na tsawon lokaci.

Tsawon lokacin nan shi ne ginshiƙi. Fafutukar da ta kai ga dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda ƙungiyar matasa ta YIAGA Africa da ƙawayenta suka jagoranta, ta fara a 2016, ta bi ta Majalisar Tarayya, ta nemi amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi, sai a ranar 31 ga Mayu, 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu. Ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Wanda ya ba su tallafin wata shida ya nemi sakamako, da ya ce sun gaza. Don haka a yi alkawarin shekara uku, ana sakin kuɗin kashi-kashi, kuma gara a riƙe ƙungiyoyi huɗu da kyau da a yayyafa wa arba'in.

Sannan a yarda kuɗin ya shiga abubuwan da ba a ɗaukar hotonsu: hayar ɗaki, kuɗin mota, data, gyaran kwamfuta, kuɗin yin rajista, da ɗan alawus ga mutum ɗaya ko biyu da ke riƙe da aikin kullum. Masu bayarwa da yawa suna ƙyamar alawus, suna cewa ai aikin sa-kai ne. To amma saurayin da ake jira ya kawo cefane gida, ko yake tara kuɗin lefe, ba zai shekara uku yana aikin kyauta ba. Idan aka hana alawus, 'ya'yan masu hali ne kawai za su iya jagoranci, sauran kuma za su tafi, ko su fara ƙara farashi a rasit don su rayu, wanda ya fi muni.

Ba kuɗi kaɗai iyali ke da shi ba. Akantan kamfani zai iya koya wa ma'ajin ƙungiya riƙe littafi a yini biyu, lauyan gida zai iya taya su rajista, shagon da ba kowa zai iya zama wurin taro, kiran waya ɗaya daga Hajiya zai iya sa shugaban ƙaramar hukuma ya saurare su. A tambaye su abin da suke so daga ciki, kada a ɗora musu.

Bin diddigi ba tare da wulaƙanci ba

Amana ba ta hana lissafi. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, kada a tura kuɗi asusun shugaba. Idan ba su da rajista tukuna, wata ƙungiya mai rajista da aka yarda da ita ta riƙe musu. A nemi bayani duk wata uku, shafi ɗaya da rasitai, sannan a kai ziyara sau ɗaya ko biyu a shekara, ba da jerin gwanon motoci ba. A ziyarar, tambayar da ta fi amfani ita ce: me kuka gwada bai yi ba? Ƙungiyar da ta saba jin wannan tambaya ba tare da an yanke mata tallafi ba za ta riƙa faɗin gaskiya. A kuma bambanta kuskure da ha'inci. Wanda ya yi kasafi ya manta da tashin kuɗin mota a gyara masa, wanda ya ƙirƙiro rasit a dakatar da shi, kuma a faɗa wa sauran 'yan ƙungiyar dalili. Idan aikin ya shafi ƙananan yara ko 'yan mata, a sa sharaɗin cewa babba ɗaya ba zai keɓe da yaro ba, a kuma sanar da iyaye wanda za su kai wa ƙara.

Ranar da aikin ya taɓa manya

Gyaran al'umma ba ya tsayawa a share kwata. Matasan da suka fara da gyaran ajin da rufinsa ya yaye, wata rana za su tambayi ina kuɗin da aka ware wa makarantar ya shiga, kuma mai yiwuwa ɗan kwangilar surukin gidan ne, ko abokin cinikin Alhaji. Iyalin su tattauna wannan tun kafin ya faru. Idan sun san ba za su iya jure kiran waya daga gidan gwamnati ba, su faɗa wa matasan a fili cewa tallafinsu na ayyukan hidima ne kawai, domin janyewa a tsakiyar rigima ta fi rashin shiga tun farko cutarwa. Idan kuwa sun yarda, to su ware wani abu don lauya da beli, su kuma yi magana idan aka kama wani a kan gaskiyarsa.

Haka nan a rubuta cewa asusun ba ya goyon bayan jam'iyya ko ɗan takara, ko da ɗan gidan ne. Idan wani daga cikin iyalin ya fito takara, ya sauka daga kwamiti, kuma kada a nemi ƙungiyoyin su cika masa filin taro ko su liƙa masa fosta. Matasa suna gane wannan tarko da wuri, kuma ƙungiyoyin kirki za su ƙaurace wa asusun da aka san na share fagen siyasa ne.

Abu na ƙarshe da za a sa a takardar yarjejeniya shi ne yadda za a rabu. A sanar da ƙungiya aƙalla shekara ɗaya kafin tallafinta ya ƙare, a rage kuɗin a hankali, a haɗa ta da wasu masu bayarwa, a kuma ba ta takardar shaida da za ta nuna a gaba. A nemi kowace ƙungiya ta rubuta wa'adin shugabanninta da yadda ake zaɓen sababbi, tunda wanda ya kafa ta yana ɗan shekara 24 zai wuce iyakar shekarun da aka gindaya kafin a ankara. Kwamitin iyalin ma haka: kujerun matasa su kasance na shekara biyu ko uku, wanda ya kai iyakar shekaru ya koma cikin amintattu, ƙanensa ko ƙanwarsa ta hau kujerar.